Musun Addini A Bakin Shago: Mu Yi Hattara A Tamanrasset

Duk wanda yake ɗaukar kaya daga Agadas ya bi ta Arlit da Assamaka ya shiga In Guezzam, ya san Tamanrasset da dabino, da taliya, da madarar gari, da kasuwar Assihar. Amma garin ya daɗe da zama garin karatu. Tun 2005 aka buɗe cibiyar jami'a a can, a 2020 kuma ta zama cikakkiyar jami'a. 'Ya'yanmu suna cikin masu zuwa Aljeriya neman ilmi, wasu su tsaya nan kudu, wasu su ratsa zuwa arewa. Mafi yawansu Musulmi ne, amma akwai Kiristoci, 'yan Maraɗi da Dogon Dutsi da wasu sassan Nijeriya, masu jin Hausa kamar mu.

A cikin waɗannan akwai masu sha'awar fannin da ake kira ilmin kare addinin Kirista da hujjoji. Ba a jami'ar suke koyonsa ba. Mai son wannan karatu da gaske sai ya nufi wurare irin su kwalejin tauhidi ta Bukuru kusa da Jos, ko Ingila, ko Rum. Wanda yake Tamanrasset da rana lissafi ko likitanci yake karantawa, da dare ne yake buɗe waya ya bi darasi ta intanet.

Sai mu dubi yadda yaron nan yake rayuwa. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,400, sanyin Disamba yana shiga har ƙashi. Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi ranar aji ce, saboda haka ibadarsa sai yadda hali ya yi. Da azumi gidajen abinci a rufe suke har faɗuwar rana. A aji Larabci da Faransanci, a titi Larabcin gari da Buzanci. Wurin da kawai zai ji harshen uwarsa shi ne wajenmu, gindin mai nama (Larabawan ma "mainama" suke kiran gasasshen naman, kalmarmu ce suka ara) ko kan bencin shagonmu. To a nan ne muke yin abin da bai kamata ba.

Da zarar an ji sunansa Bulus ne ko Dauda ɗan fasto, sai a ja shi da tambaya. Wannan ya ce ya bayyana mana yadda uku suka zama ɗaya, wancan ya kunna tsohon faifan muƙabalar Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗauka. Yaro da ƙuruciya, ga karatu sabo a ka, sai ya biye. Mu muna ɗaukar abin hira ce ta jiran mota, alhali dokar ƙasar ba haka ta ɗauke shi ba.

A watan Fabrairu na 2006 Aljeriya ta kafa doka mai lamba 06-03 kan ibadar waɗanda ba Musulmi ba. Ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar dinari 500,000 zuwa miliyan ɗaya ga wanda ya nemi janye Musulmi zuwa wani addini, haka ma wanda ya buga ko ya ajiye ko ya raba takardu da faifai da nufin girgiza imanin Musulmi. Ibadar taro sai a ginin da hukuma ta amince da shi, kuma daga 2018 an rufe majami'u da dama a arewacin ƙasar. Ke nan idan musu ya yi zafi, mu za mu koma kan awonmu, shi kuwa amsar da ya bayar, wadda take cikin wayar wani, tana iya zama shaida a kansa. Wace irin muƙabala ce wannan, ɗaya yana magana da sakin jiki, ɗaya kuma kurkuku na jiransa a bayan kowace kalma?

Wani zai ce ai kira zuwa ga addini wajibi ne. Ba mu musa ba. Amma akwai malamai da suka yi shekaru suna karatun wannan, akwai kuma wurinsa da ladabinsa. Yawancin abin da ake yi a benci neman a kunyata yaro ne a yi dariya. Kuma kada mu manta mu ma baƙi ne. A 2024 kaɗai an kwaso mutane fiye da 30,000 daga Aljeriya an zube su a hamada kusa da Assamaka, da yawa sai da suka taka kilomita 15 a ƙasa. Ranar da hayaniya ta jawo 'yan sanda layinmu, takardun zama za su tambaya, na kowa da kowa, har da mai shagon.

Su ma ɗaliban akwai abin da za mu faɗa masu. A garin nan wani malamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya sauka a 1905, lokacin wurin bukkoki ne 'yan kaɗan. Shekara 11 ya yi, aikin da ya fi cin lokacinsa kuwa shi ne rubuta ƙamus na harshen Buzayen Hoggar, wanda aka buga cikin juzu'i 4 bayan mutuwarsa. A 1908 da ciwo ya kwantar da shi cikin fari, Buzaye Musulmi ne suka bi rugage suna neman nonon akuya suka yi jinyarsa. An kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, kuma har yau ana taƙaddama kan kusancinsa da sojan Faransa, tun da shi ma tsohon hafsa ne. A 2022 cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta. Abin lura, mutumin bai shahara da kayar da kowa a musu ba. Mai son karatu ya karanta, har littattafan Augustine, wanda ɗan wannan ƙasa ne da ya rasu a Annaba ta yau a shekara ta 430. Amma ya bar karatun a ɗakinsa, kada ya raba wa kowa takarda, kada kuma ya tura wa abokin ajinsa faifai.

Mu kuma, iyayen yaran nan da yawa abokan cinikinmu ne, ta hannun direbobinmu suke aiko masu da kuɗi da kilishi da garin kunu. Idan yaro ya zo karɓar saƙo, a ba shi wurin zama da shayi, a tambaye shi ko takardar zamansa ba ta ƙare ba, ko yana da bargo. Wanda ya ɗaga waya zai ɗauke shi, babban wurin ya ce ya mayar aljihu.