Sauya Wurin Aiki da Ratar Albashin Maza da Mata

A cikin 1963 Gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa mace da namiji in aikinsu ɗaya ne, albashinsu ma ya zama ɗaya. A lokacin nan abin da mace ke samu a shekara bai wuce kashi 59 cikin 100 na abin da namiji ke samu ba. Bayan shekara 60, watau a 2023, ya kai wajen kashi 83. To, me ya hana ratar nan rufewa?

Ɗaya daga cikin dalilan yana wajen sauya aiki. A 1992 waɗansu masana biyu, Topel da Ward, suka bi sawun samarin Amurka, suka tarar sulusin ƙarin albashin da saurayi ke samu cikin shekarunsa goma na farko daga barin wani maigida zuwa wani yake fitowa. Ashe mai motsi shi ke gaba.

Amma fa mace ba kullum don kuɗi take motsawa ba. Sau da yawa takan bi miji in an yi masa canji, ko ta nemi wuri kusa da gida saboda yara. Binciken da aka buga a 2021 kan masu neman aiki a Faransa ya nuna mata sun fi maza yarda da ƙaramin albashi in tafiyar ta rage. Malama Claudia Goldin, wadda ta sami lambar Nobel a 2023, ta nuna yawancin ratar daga haihuwar fari take buɗewa.

Akwai kuma wani tarko. Sabon maigida yakan tambaya, nawa ake biyanki a can? Sa'an nan ya ɗora kaɗan a kai. Ta haka ƙwaron da aka yi mata a wurin farko zai bi ta har ta bar aiki, ya taɓa fanshonta. Saboda haka jihar Masacusets ta haramta wannan tambaya a 2016, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a 2023.

Mu dai a ganinmu dokar nan ta yi daidai, gama aiki ake saye, ba tsohon albashi ba. Amma ba za ta share kukan duka ba sai an sami wurin renon yara da sauƙin lokacin aiki. Akawuna da malamai, ku da ke rubuta takardun ɗaukar ma'aikata, sai ku duba wannan da idon basira.