Tukwanen Da Suka Zama Kundin Tarihin Masar

In aka ambaci kaburburan mutanen Masar na dā, galibi zinariyar Fir'aunoni ke fara zuwa a rai. Amma masana sun shaida cewa tukunyar yumɓu, wadda ɓarayin kabari kan tsallake, ta fi zinariya ba da labari.

A shekarar 1894 zuwa 1895 wani masani Baturen Ingila, Flinders Petrie, ya tona kaburbura fiye da 2,000 a Naƙada, arewa da Luksor, a yammacin Kogin Nilu. Mamatan suna kwance a dunƙule, an kewaye su da tukwane jajaye masu baƙin baki, da tuluna masu zanen jiragen ruwa. Babu rubutu, babu sunan sarki. To, ta yaya za a gane kabarin da ya girmi wani?

Petrie ya lura da wani irin tulu mai mariƙi a lanƙwashe, wanda asalinsa daga Falasɗinu ne. A wasu kaburbura tulun mai ciki ne, mariƙinsa sosai. A wasu kuwa ya tsuke, mariƙin ya shafe, sai ɗan zane kawai ya rage don ado. Ya gane cewa sannu a hankali magina suka yi ta sāke fasalin. A 1899 ya rubuta kayan kaburbura 900, kowanne a 'yar takardarsa, ya yi ta jera su har suka bi juna. Ya ba matakan lamba daga 30 zuwa 80, ya bar 1 zuwa 29 ko za a sami waɗanda suka riga su. Haka kuwa aka yi, don bayan 1920 an tono tukwanen Badari, waɗanda suka girmi na Naƙada.

Ta wannan dabara aka tsara zamanin da ya gabaci haɗewar Masar ƙarƙashin sarki ɗaya, wajen shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

Abin lura shi ne, aikin ya yiwu ne don an rubuta inda aka sami kowace tukunya, da abin da ke kusa da ita. Tukunyar da aka sace aka kai kasuwa, ko da ba ta fashe ba, an raba ta da shaidarta, ba kuwa mai iya mayar mata.