Majigin mai kisa: wa ke yi masa dillanci?

Ranar 4 ga Oktoba 2017, a bakin ƙauyen Tongo Tongo cikin jihar Tilaberi, mayaƙan Da'ish suka yi wa wani ayarin soja kwanton ɓauna. Sojojin Amurka 4 suka mutu, tare da ƴan Nijar aƙalla 4. Maharan sun tafi da wata ƴar kyamara da ke maƙale a hular ƙarfen ɗaya daga cikin Amurkawan, kuma a watan Maris 2018 suka fito da majigi na ƴan mintoci: an yanke, an jera, an ɗora waƙar yaƙi a kai. Aikin ɗan talla ne tsaf. Wanda ya shirya shi ba shi da gidan talabijin, ba shi da tashar rediyo. Ya dogara ne ga abu guda, cewa za a samu masu ɗaukar masa kaya kyauta. An kuwa samu.

Masu ɗaukar kayan ba ƴan jarida kaɗai ba ne. A Kirkisoy, can hayin kogi cikin gunduma ta 5 ta birnin Yamai, kamar a kowace unguwa, saurayin da ya zuba kuɗin intanet na ɗari biyu ya isa ya watsa hoton gawa ga fada goma kafin shayi ya tafasa. Ɗan kasuwa ya tura wa abokin cinikinsa na Katako, ma'aikaci ya tura wa ƴan ofis ɗinsu, kowa na cewa "don a sani". To a san me? Cewa an kashe soja 71 a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, da 89 a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020, labari ne da ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya ji. Amma ganin fuskar ɗan wani kwance cikin rairayi, a daidai kusurwar da makashinsa ya zaɓa, bai ƙara wa mai kallo ilimin komai ba. Tsoro ya ƙara masa, tsoron kuwa shi ne hajar da ake tallar. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duniya ta daɗe tana wannan muhawara. A watan Afrilu 2007 wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech ta Amurka. Tsakanin harinsa na farko da na biyu ya tsaya gidan waya ya aika wa tashar NBC hotuna da jawabinsa. Tashar ta nuna wani ɓangare, iyalan mamatan suka fusata har waɗansu suka fasa hirar da suka yi alkawarin yi da ita. Shekara 12 bayan haka, wanda ya kashe masallata 51 a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan kai tsaye ya watsa ta'asarsa ta Facebook, kamfanin kuma ya ce ya goge kwafi miliyan 1 da rabi cikin awa 24 na farko. Hukumomin ƙasar suka haramta mallakar majigin, Firaminista Jacinda Ardern ta ƙi ambaton sunan makashin.

Sai dai maganar ba ta da sauƙi haka, kuma wanda ya ce a rufe ido ɗungum bai tuna da Abubakar Shekau ba. Sau da dama aka ba da sanarwar mutuwarsa a Najeriya, sau da dama ya fito a majigi yana dariya, har zuwa Mayu 2021 da ya mutu da gaske. Ba don waɗannan kaset ɗin ba, da talaka ya ci gaba da haɗiye sanarwar hukuma. Haka nan majigin 12 ga Mayu 2014, wanda ya nuna ƴan matan Chibok fiye da 100 zaune cikin hijabi: da shi iyaye suka gane ƴaƴansu, a lokacin da waɗansu manya ke raɗa cewa ba a sace kowa ba. Gani ya kori ji. A nan kayan maƙiyi ya zama shaida.

Ke nan aikin ɗan jarida shi ne ya kalla, domin jama'a su huta da kallo. Ya tantance ranar da aka ɗauka da wurin, ya faɗi abin da majigin ya tabbatar da abin da ya ƙaryata, ya ɗauko hoto guda marar gawa in har akwai buƙata. Huɗubar makashin, da waƙarsa, da tutarsa, da numfashin ƙarshe na wanda aka kashe, waɗannan a bar masa abinsa. Shi kansa ya san darajar kafa: harin bam da aka kai ofisoshin jaridar ThisDay a Abuja da Kaduna ranar 26 ga Afrilu 2012, Boko Haram ta biyo bayansa da majigin gargaɗi ga sauran kafafen labarai. Mai kashe ɗan jarida don a gyara yadda ake ba da labarinsa bai cancanci a ba shi fili kyauta ba.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne masu mulki su karɓe wannan hujja su mai da ita sanda. A Maris 2023 Burkina Faso ta dakatar da France 24 saboda ta kawo amsoshin shugaban Alƙa'ida na yankin Magrib, alhali ɗan jaridar tashar ne ya taƙaita su da bakinsa. A Disamba 2024 hukumomin Nijar suka dakatar da BBC wata 3 bayan ta ba da labarin wani hari a jihar Tilaberi. A Yuni 2024 kuma an maido da hukuncin ɗauri cikin dokar 2019 ta laifukan intanet, dokar da ke hukunta watsa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Wa ke fassara wannan jimla? Wanda ke riƙe da mabuɗin gidan kaso.

Gwamnatin da ta yi shiru bayan hari, ita ce babbar dillaliyar majigin maƙiyi, domin uwar da ɗanta ke bakin daga za ta nemi labari duk inda yake, ko da a hannun wanda ya harbe shi. Bayan Inates an faɗi adadi, an yi zaman makoki na kwana 3, an yi wa mamatan salla a sansanin sojan sama na Yamai a gaban kyamarar talabijin ta ƙasa. Bayan Shinagodar kuwa, sanarwar farko ta ce soja 25. Sai da kafafen waje suka riga ta, sannan hukuma ta amsa cewa 89 ne.