Sharhi: Sankarar Ƙwaƙwalwa Da Ke Tsere Wa Wuƙar Likita

Sharhinmu na yau ya duba dalilin da ya sa sankarar ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma ke gagarar tiyata.

A shekarar 1928, wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya ba da rahoton cire rabin ƙwaƙwalwar wasu majiyyata ɗungurungum don ya raba su da ƙarin. Duk da haka cutar ta dawo wa wasu da suka tsira daga aikin. Shekara 10 bayan nan, Hans Scherer ya nuna cewa ƙwayoyin ƙarin ba sa zama wuri guda. Sulalewa suke yi ɗai-ɗai, suna bin jijiyoyin jini da zaruruwan ƙwaƙwalwa, har su yi wa wuƙar likita nisa.

To me ke tura su? Saƙonni ne da ke yawo a cikin ƙwayar. A fatarta akwai furotin mai karɓar umarni, ana kiransa EGFR, wanda ke yawaita fiye da ƙima a kusan kashi 40 cikin 100 na masu cutar. Shi ke miƙa saƙon ga wasu furotin biyu, PI3K da AKT. Wani furotin, PTEN, shi ne birkin wannan hanya, amma sau da yawa akan tarar ya lalace. Daga nan furotin Rac ya turo gaban ƙwayar, furotin Rho ya jawo bayanta, furotin intagirin ya kama mata abin dafawa, sinadaran MMP kuma su huda mata hanya. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a tsakiyar ƙarin, gudun sai ya ƙaru.

Abin takaici, toshe hanya ɗaya bai wadatar ba, domin ƙwayar takan sauya wata. Maganin cilengitide, wanda aka haɗa don ya hana intagirin aiki, bai ƙara wa majiyyata kwana ba a babban gwajin da aka wallafa a 2014. Ko da an haɗa tiyata da gashin radiyeshin da maganin temozolomide, kamar yadda ake yi tun 2005, matsakaicin tsawon lokacin da majiyyaci ke rayuwa kusan wata 15 ne.

Saboda haka wajibi ne gwamnatoci da jami'o'i su zuba kuɗi a binciken da zai tare hanyoyin nan a lokaci guda. Ku kuma masu sauraro, duk wanda ciwon kai ya ƙi sakin sa tare da amai, ko farfaɗiya ta same shi da girmansa, a gaggauta kai shi asibiti.