Ko Kun Sani? Daga Landan Zuwa Niyu Yok, Awa Nawa?

A wannan wata za mu duba yadda ake auna nisa da lokacin tafiya a jirgin sama, mu yi misali da filin Heathrow na Landan da filin Kennedy na Niyu Yok a Amurka.

Da fari, kada taswirar bango ta ruɗe ku. Duniya a mulmule take kamar lemo, taswira kuwa a shimfiɗe take. In akwai ƙwallon taswirar duniya a makarantar yaranku, ku ɗora bakin zare a kan Landan, ku ja shi ya miƙe har Niyu Yok. Za ku ga zaren ya bi ta arewa, ta kan Ailan da gabashin Kanada. Wannan ita ce hanya mafi kusa, tsawonta kimanin kilomita 5,540, watau wajen mil 3,450.

To, saura lokaci. Babban jirgin fasinja yakan ci kamar kilomita 900 a awa guda. In an raba 5,540 da 900, za a sami awa 6 da 'yan mintoci. Amma a tikiti zuwa yakan kai wajen awa 8, dawowa kuwa wajen awa 7, gama ana haɗawa da lokacin tashi da sauka da jiran layi a fili.

Me ya sa zuwa ya fi dawowa daɗewa? Iska ce. Can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Amurka da ita yake kokawa, mai dawowa kuwa tura shi take yi, kamar kwalekwale mai bin ruwa. A watan Fabrairu na 2020 ta yi ƙarfi ƙwarai, har wani jirgin British Airways ya iso Landan daga Niyu Yok cikin awa 4 da minti 56 kacal.

Sai batun agogo, inda mutane suka fi ruɗewa. Yawancin shekara agogon Landan yana gaban na Niyu Yok da awa 5. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa 8 a sama, zai sauka ƙarfe 6 na yamma a agogon Landan, amma ƙarfe 1 na rana ne a can. Kowane lokaci da ke kan tikiti, na garin da aka rubuta kusa da shi ne.

Saboda haka, iyaye, in ɗanku ya yi irin wannan tafiya, ku yi wannan lissafi tukuna kafin hankalinku ya tashi don bai bugo waya ba. Mai zuwa taryen baƙo kuma ya tabbata agogon wane gari yake bi, kada ya bar baƙonsa tsaye da kaya a garin da bai san kowa ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.