Taura Biyu Na Taunuwa: Asibiti da Kundin Digiri na Uku

Masu iya magana kan ce taura biyu ba ta taunuwa. Da wannan karin magana ne wasu ke sukar tsarin da ke haɗa wa ɗalibin ilimin halayyar ɗan'adam abubuwa biyu a lokaci guda, wato koyon aikin duba marasa lafiya a asibiti, da kuma binciken digiri na uku. A nawa ra'ayi, wannan tsari shi ya fi dacewa da mu a Nijeriya, kuma mu ɗaliban harshe muna da ruwa da tsaki a cikinsa.

Tsarin dai ba baƙo ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da dama sun koma gida da matsalolin ƙwaƙwalwa, ga ƙarancin masu duba su. A shekarar 1949 masana suka yi taro a garin Boulder na jihar Kolorado, suka amince cewa mai wannan sana'a ya zama mai bincike kuma mai aikin asibiti. A Birtaniya, ɗalibi kan yi shekara 3 yana zagaya asibitoci a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, hukumar lafiya ta ƙasa na biyan sa albashi, sannan ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi digirin. A nan gida kuwa, abin da aka fi sabawa da shi shi ne a koyi aikin asibiti a digiri na biyu, digiri na uku kuma ya zama na kundi.

Me ya sa nake ganin haɗawar ta fi? Dalili shi ne, majinyaci ba ya zuwa da sunan cutarsa kamar yadda take a littafi. Da bakinsa yake zuwa. A shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayani a kan ɗaliban Nijeriya da ke kukan zafi a ka, da dishi-dishin gani, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Haka kuma a shekarar 1982 Farfesa Peter Ebigbo, masanin halayyar ɗan'adam a Inugu, ya fito da wani ma'auni da ya gina a kan koke-koken majinyatanmu, kamar jin zafi a ka da jin wani abu na yawo a jiki. Dukkansu biyu a ɗakin duba marasa lafiya suka tsinci tambayar, bincike kuma ya ba su damar amsa ta. Wanda bai zauna da majinyaci ba, ba zai ji irin wannan kuka ba. Wanda kuma bai iya bincike ba, zai ji kukan, amma ilimin ya tsaya a kansa shi kaɗai.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa? Ya ɗan'uwa mai karatu, kayan aikin wannan fanni magana ce. Da tambaya ake auna majinyaci, da zance ake yi masa magani. Yawancin takardun tambayoyin da ake amfani da su kuwa da Ingilishi aka rubuta su. Bahaushe yana da damuwa, da ɓacin rai, da baƙin ciki, da ƙunci, da zullumi, da fargaba, kuma kowace da muhallinta. Matar da ta ce gabanta na faɗuwa, ba abu ɗaya take nufi da wadda ta ce zuciyarta na tafasa ba. Idan mai fassara ya dunƙule su duka ya kira su damuwa, to ma'aunin ya karkace, kuma ana iya sallamar mai ciwo a ce lafiyarsa lau. Gyara wannan aiki ne na kundi sukutum, kuma sai an gwada shi a kan majinyata na haƙiƙa, tare da masanin harshe a gefe.

Ban ce babu wahala ba. Ɗalibin da ya wuni yana sauraron matsalolin mutane, da ƙyar zai sami natsuwar rubutu da dare. Su kansu Amurkawa sun ga nauyin, shi ya sa a taron Vail na shekarar 1973 suka amince da wani digirin da ya fi karkata ga aiki. A wajenmu ma akwai ƙarin cikas: ƙarancin malamai masu duba kundi, da rashin tallafin karatu, da yajin aiki, irin na shekarar 2022 da ya ci wata 8. Amma duk waɗannan matsalolin tsari ne, kuma suna da magani. A ware wa ɗalibi ranakun asibiti daban da na bincike, a ba shi masu kula biyu, ɗaya a jami'a ɗaya a asibiti, a kuma biya shi alawus tunda aiki yake yi. Sannan a sa batun kundinsa ya fito daga abin da yake gani a asibitin, ta yadda taurar za ta zama guda.

A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka dai ba ta duba majinyaci, sai an sami ƙwararru masu jin harshensa. Don haka ina kira ga jami'o'inmu da su gwada wannan tsari, ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu leƙa sashen nazarin halayyar ɗan'adam idan mun tashi zaɓen batun bincike. Tattara kalmomin da Bahaushe ke bayyana ciwon zuci da su, tare da fayyace ma'anar kowace, gudummawa ce da babu mai iya bayar da ita kamar mu. Allah Ya sa mu dace.