Kira ga Gwamnatin Katsina: A Kafa Masu Sa Ido kan Intanet na Ofisoshinmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, da shugabannin hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, da 'yan Majalisar Dokoki masu duba kasafin kuɗi.

Ina neman izini in kawo kuka a kan wani ɓangare na aikin gwamnati da ba a yanka masa ƙyalle ranar ƙaddamarwa, alhali da shi aikin ke rayuwa bayan baƙi sun watse.

Ranku ya daɗe, hidimar gwamnati a birnin nan tana ta komawa kan kwamfuta: biyan haraji, katin asibiti, albashi da fansho, rajistar ɗalibai, takardun fili. Mun yi murna da haka. Sai dai duk hidimar da aka ɗora a kan intanet, a ƙarshe tana rataye ne da wata waya da aka binne a gefen titi, da batir, da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke maƙale a bangon ofis. Ran da ɗayansu ya gaza, amsa ɗaya talaka ke ji ta taga: babu netwok.

Ku dubi yadda abin ke kasancewa. Mace ta taso daga Batagarawa ko Rimi da yaro mai zazzaɓi a goye, ta biya kuɗin mota, ta shiga layin biyan kuɗin awon jini. Layi ya zo kanta, ma'aikaci ya ce, “Hajiya, sai haƙuri, sabis ya ɗauke.” Ya juyo mata da fuskar kwamfutar don ta gani da idonta ba ƙin aiki yake ba. Ya tashi ya zare wayar rauta, ya jira kaɗan, ya mayar. Shiru. Ya kira yaron da ke gyara musu, shi kuma yana can wani ofis a Ƙofar Ƙaura. A duk ginin babu wanda zai iya cewa ko katafila ce ta tsinke fayiba a wajen aikin hanya, ko batirin inbata ne ya mutu, ko kuɗin data ne ya ƙare, ko lasisin na'ura ne ya cika. Kowace daga cikin waɗannan maganinta daban, mai gyaranta daban, amma a taga duk kamarsu ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, matar nan ta riga hukuma sanin cewa hidimar hukuma ta tsaya. Roƙona kenan, a juya wannan: gwamnati ta riga kowa sani.

Na'urorin da ake yayi yanzu a manyan ma'aikatu, irin su Cisco Meraki da Aruba da UniFi, ana iya sarrafa su daga nesa. Injiniya yana zaune a sakatariya zai buɗe shafin kamfanin da ya ƙera su, ya ga kowace na'ura da ke Daura ko Funtuwa, ya sauya mata saiti ba tare da ya hau mota ba. Ga jiha mai ƙananan hukumomi 34, wannan sauƙi ne babba. Amma shafin yana nuna abu ne ga wanda ya buɗe shi. In ba a zauna an saita abin da zai auna, da iyakar da in an ƙetare ta zai yi kururuwa, da lambar wanda zai kira ba, jan alama za ta kwana a allo tun daren Juma'a har safiyar Litinin ba wanda ya gani. Don haka nake roƙo kada a ƙara karɓar wani aikin haɗa intanet daga hannun ɗan kwangila sai an gwada wannan a gaban jami'in gwamnati: a zare waya da gangan, a tsaya da agogo a hannu, a ga minti nawa saƙon gargaɗi zai yi kafin ya shigo wayar mai tsaron aiki. In bai shigo ba, aiki bai kammala ba, kada a sa hannu a takardar biya.

Abin da za a auna kuma, a zaɓe shi da sanin ƙasarmu. Littafin kamfani zai ce a duba cunkoson layi da jinkirin saƙo da saƙonnin da ke ɓacewa a hanya, kuma duk gaskiya ne. Amma a nan wuta ce babbar mai kashe na'ura. Ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Ya kamata kowane akwati ya riƙa kawo rahoton ƙarfin batirinsa, da ko wutar KEDCO yake sha ko sola ko janareta. Batir ba ya mutuwa rana ɗaya. Wanda ke riƙe wuta awa shida bara, bana yana riƙe uku, kuma mai duba lissafin zai gani tun da sauran lokacin saye. Haka zafi. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, akwatin da ke kulle a ɗakin da ba fanka ya fi waje zafi nesa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe masa kafofin iska. 'Yar na'urar auna zafi ba ta kai kuɗin tayar mota ba, amma tana iya ceton kayan miliyoyi.

Akwai kuma ranar cikar lasisi, wadda aka fi mantawa da ita domin ba ta da hayaƙi. A tsarin lasisin Meraki da aka fi sani, in wa'adi ya cika ana ba da rangwamen kwana 30, daga nan na'urorin su daina wuce da saƙo, ko da lafiyarsu ƙalau. Duk wanda ya san tsawon lokacin da takardar neman kuɗi ke ɗauka daga tebur zuwa tebur, ga neman dala, ya san kwana 30 ba komai ba ne. A sa gargaɗin ya fara tun saura wata shida, kuma ya je har teburin babban sakatare da akanta, kada ya tsaya a wajen injiniya shi kaɗai.

Ranku ya daɗe, ga inda na fi so a tsaya a kai. Kada idon da ke kallo ya dogara da layin da yake kallo. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida. Kuskuren umarni ne a lokacin gyara ya yanke cibiyoyin kamfanin daga duniya, kuma kayan da injiniyoyinsu za su bincika matsalar da su, su ma a kan layin suke, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa inda na'urorin suke. In haka ta sami kamfani mai wannan ƙarfi, ina ga ofishin da ke da layi ɗaya tal? Mu ma mun ɗanɗana namu ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da intanet suka rikice a Najeriya. Shafin kamfanin da ake leƙa na'urori ta cikinsa yana ƙetaren wannan tekun. A irin wannan rana na'urorin suna iya ci gaba da aiki a cikin gida, amma mai kula da su ya makance.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. A ajiye kwamfutar sa ido ta gwamnati a nan Katsina, a kan manhajar da ba a biyan lasisinta irin su Zabbix ko LibreNMS, tana tambayar na'urori lafiyarsu kai tsaye, tana kuma tara bayanan abin da ya faru da sa'ar da ya faru. A ajiye kwafi na biyu a wani gari. Galaxy Backbone, kamfanin Gwamnatin Tarayya, yana da cibiyar adana bayanai a Kano. Saƙon gargaɗi kuma ya sami hanyar fita ta dabam, ta layin wani kamfanin waya ko ta tauraron ɗan'adam. Mu Katsinawa ba sai an ba mu labari ba: a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Faskari da Funtuwa. Tsarin da ya ɗauka cewa sabis ɗin waya yana nan kullum, ba don mu aka tsara shi ba.

Wani dalilin mallakar namu ma'aunin shi ne kuɗi. Kamfanonin da ke ba da intanet suna rubuta alkawari a kwangila, su ce layi zai yi aiki kashi 99 cikin 100, ko 99.9. A ido kamar ɗaya suke. A lissafi, na farko ya halatta ɗaukewar sama da awa 87 a shekara, na biyu bai kai awa 9 ba. To wa ke ƙirga awannin? In kamfanin ne kaɗai, ya zama kamar ka je sayen gero mai hatsi ya shige bayan rumfa ya auna, ya fito ya ce maka tiya goma ce. Ko mai gaskiya ne, ciniki ba ya tafiya haka. Da namu lissafin a hannu, akanta zai iya zabge kuɗin awannin da ba a yi aiki ba, kamfanin kirki kuma ya sami shaidar da za ta wanke shi.

Makullin shafin ma a duba shi. Asusun babban mai iko ya kasance da sunan gwamnati da adireshin imel na gwamnati, ɗan kwangila a ba shi ƙaramin izini da za a janye ran da kwangila ta ƙare. A sauya kalmomin sirrin da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta. Sannan a rubuta ƙarara cewa lafiyar na'ura ake dubawa, ba saƙonnin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, kuma ran da ma'aikata suka zargi ana leƙen asirinsu, da hannunsu za su zare wayar.

Duk wannan ba ya tsayuwa sai da mutane. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma suna yaye matasa masu ilimin kwamfuta kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. A ɗauki kaɗan daga cikinsu, a horar da su, a raba musu aikin dare da rana kamar yadda ake yi wa ma'aikatan jinya. A ba su alawus na dare, da abin hawa, da ɗan sito mai batir da waya da na'urar canji, domin sanin cuta ba tare da magani a kusa ba ƙarin takaici ne kawai. A kuma tausaya musu wajen saita gargaɗin. Wayar da ke ƙara sau ɗari a dare kan abin da bai taka kara ya karya ba, mai ita zai kashe mata murya, kuma ran da babbar matsala ta zo ba zai ji ba. Ɗaukewar layin asibiti ta tashe shi daga barci. Na'urar ɗakin taro ta jira safiya.

Ina roƙon a fara da wuraren da jira ke iya cin rai ko cin dukiyar jiha, wato asibitocin birni da ofisoshin karɓar haraji da na biyan albashi, kafin a faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi. Ina roƙon Majalisa ta ware wa wannan aiki nasa layin a kasafin kuɗi na yau da kullum, daban da kuɗin sayen na'urori, yadda ba zai mutu da ƙarewar kwangila ba. Kuma a ƙarshen kowane wata KATDICT ta kai wa Mai Girma Gwamna takarda mai shafi ɗaya: wane ofis ne layinsa ya ɗauke, awa nawa, mene ne sanadi, minti nawa aka yi kafin a sani, awa nawa kafin a gyara. In an amince, a liƙa kwafinta a allon sanarwa na kowane ofis da abin ya shafa, da Hausa, inda masu jiran layi za su iya karantawa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu zaman lafiya.